Sunƙuru Ko Sari-Ka-Noƙe? Tsokaci A Kan Sunan Mayaƙin Da Ba Soja Ba

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce suna linzami ne. Galibi akan kawo wannan karin magana idan ana batun raɗa wa jariri suna, amma a ganinmu babu inda ta fi zama daram kamar a fagen yaƙi, inda sunan da aka kira mutum da shi kan yanke masa hukunci tun kafin ya ga alƙali. A cikin wannan ɗan tsokaci muna so mu dubi kalmomin da Hausa ke amfani da su wajen ambaton mutumin da ya ɗauki makami yana yaƙi, alhali kuwa shi ba sojan hukuma ba ne, ba ya sanye da kaki, ba ya kwana a bariki, ba ya kuma karɓar albashi daga baitulmali. Za mu fi mayar da hankali a kan guda biyu, wato mayaƙin sunƙuru da ɗan sari-ka-noƙe, domin su ne Hausa ta tanada musamman saboda wannan ma'ana, su ne kuma, abin mamaki, suka fi ƙaranci a bakin masu fassara da alƙalamin marubuta a yau.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu shi ne wani hali da muka daɗe muna lura da shi a cikin gajerun labarai da wasannin kwaikwayo da ɗalibai ke rubutawa a kan rashin zaman lafiya. Sai ka tarar mutum guda a cikin labari guda an kira shi ɗan tawaye a shafin farko, ɗan ta'adda a shafi na uku, sannan a binne shi a matsayin ɗan bindiga a shafin ƙarshe, ba tare da wani abu ya sauya a halinsa ko a aikinsa ba. Marubucin ya ɗauka kalmomin duk kanwar ja ce, yana sauya su ne kawai don gudun maimaici. Ba mu ga laifinsa sosai ba, domin haka ya ji ana yi a labaran duniya tun yana goye.

Kalmar da ake fassarawa

Kalmar da masu fassara ke kokawa da ita, wadda a kunnen Bahaushe take fita kamar gerila, ba ta Ingilishi ba ce tun asali. Daga Sifaniyanci aka aro ta, inda ma'anarta ita ce ƙaramin yaƙi. Ta bazu a duniya ne sakamakon yaƙin da aka gwabza a Sifaniya daga 1808 zuwa 1814, bayan da Napoliyon ya shigar da rundunarsa ƙasar ya ɗora ɗan'uwansa a gadon sarauta. Da sojojin Sifaniya suka kasa tsayawa gaba da gaba, sai manoma da makiyaya da limaman coci suka kakkafa ƙananan ƙungiyoyi a cikin duwatsu, suna tare ayarin abinci, suna kashe manzanni masu ɗauke da wasiƙu, suna faɗa wa ƙananan sansanoni da dare, gari na wayewa kuma su koma gona kamar ba su ba. Hafsoshin Faransa ba su kira su mayaƙa ba; 'yan fashi suka kira su, hukuncin ɗan fashi kuma suka riƙa yi wa wanda ya shiga hannu. Ke nan tun ranar da aka haifi kalmar take da kishiya.

Ya kamata a lura da cewa a Sifaniyanci sunan yaƙin daban, sunan mai yin sa daban, Ingilishi ne ya haɗe su ya mayar da kalma ɗaya tana ɗaukar duka biyun. Hausa ba ta bi Ingilishi a nan ba, kuma ta kyauta. Muna da yaƙin sunƙuru, muna da mayaƙan sunƙuru. Muna da yaƙin sari-ka-noƙe, muna da 'yan sari-ka-noƙe. Ta kuma kyauta da ba ta ari kalmar ɗungurungum ba, domin a lafazin Ingilishi ba ta da bambanci da sunan goggon biri, ga shi kuwa mafi yawan mutanenmu da kunne suke karɓar labari.

Sunƙuru da sari-ka-noƙe

Manomi ya riga mai fassara sanin sunƙuru. A bakinsa kalmar na nufin wurin da ciyawa da ƙaya da sarƙaƙiya suka cushe, wanda ba a share ba, ba a sa masa fartanya ba, inda mutum zai shige ka rasa inda ya bi. Wanda ya fara haɗa yaƙi da sunƙuru ya dubi inda ake yin faɗan ne: ba a filin daga ba, inda runduna ke fuskantar runduna da tambura da tutoci, a cikin duhuwar daji ne inda doki ba ya sukuwa, motar sulke kuma ba ta da amfani. Wani abin sha'awa shi ne Faransawa ma haka suka yi. Mutanensu da suka shiga duwatsu suna yaƙar mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, da sunan sarƙaƙiyar dajin tsibirin Kosika aka san su. Harsuna biyu da ba su yi shawara da juna ba sun faɗa a kan hoto ɗaya.

Sai dai kalmar tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce bakin daji. Ta dace da mayaƙan Amilcar Cabral a cikin fadamun Gini Bisau daga 1963, ta dace da mutanen Dedan Kimathi a dazukan tsaunukan Kenya. To amma yaya za a yi da waɗanda suka yi nasu yaƙin a cikin lungunan tsohon birnin Aljiyas a 1956 da 1957, inda babu ko tsiron ciyawa? Wanda ya ce yaƙin sunƙuru a tsakiyar birni ya haɗa kalmomi biyu masu ture juna, mai sauraro kuma sai ya tsaya ya warware su kafin ya ci gaba.

Sari-ka-noƙe ba ta da wannan matsala, domin ita ba wuri ta duba ba, motsi ta duba. Ginin kalmar irin na faɗi-ka-mutu ne, wato umurni biyu da aka ɗaure wuri ɗaya suka zama suna. Sara a nan ta maciji ce kafin ta zama ta takobi, noƙewa kuma ita ce janye kai a koma rami. A cikin gaɓoɓi biyar kacal kalmar ta tattara duk abin da hafsoshi ke cika littattafai suna bayani: ka zaɓi lokacin da abokin gaba ya sakankance, ka kai sara ɗaya mai ciwo, ka ɓace kafin ya juyo, kada ka tsaya riƙe gari ko kare tuta. Ba mu san wata kalmar fassara a Hausa da ta kai ta cika da iya tsimi ba. Ga ta kuma ba baƙuwa ba ce a zancen yau da kullum, don ana iya cewa wane ɗan sari-ka-noƙe ne a taro, ma'ana yakan jefa magana mai zafi ya yi shiru ya bar mutane da ita.

Akwai masu ganin cewa hoton maciji ya ɓata kalmar, tunda Bahaushe ba ya yabon maciji, kuma jarumtaka a wurinsa ita ce tsayawa a daga, a yi ta ta ƙare, kamar yadda kirarin mazan jiya da waƙoƙin fada suka saba nunawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma mu dai a kunnenmu raini bai rinjayi kalmar ba. Abin da muke ji a cikinta shi ne tsoro gauraye da yarda cewa mai wannan aiki ya iya dabara. Mafi muhimmanci kuma, ita da sunƙuru duk ba su ce komai a kan gaskiyar mai yaƙin ko ƙaryarsa ba. Sun faɗi yadda yake yaƙi, sun yi shiru a kan dalilinsa. Wannan shirun shi ne darajarsu, shi ne kuma, a zatonmu, dalilin da ya sa aka yi watsi da su a zamanin da kowa ke son kalmar da za ta yi masa zagi ko yabo a madadinsa.

Ba kuma za a ce dabarar baƙuwa ce a ƙasar Hausa ba. Muna da hari, da samame, da kwanton ɓauna, da farmaki, kowace da inda ta dosa. Mutanen Ningi sun shafe rabin ƙarshe na ƙarni na 19 suna saukowa daga duwatsunsu suna kai hari a ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau, suna komawa inda dawakin sarakuna ba sa iya binsu. Haka nan sarakunan Katsina da jihadi ya kora, da suka kafa Maraɗi, ba su daina kai wa tsohuwar ƙasarsu hari ba. A idon Sakkwato su masu tawaye ne. A idon kansu kuwa gidan ubansu suke nema, shi ya sa ba su saki sarautar Sarkin Katsina ba. Wato dai gardamar suna ta girmi rediyo.

Kalmomin da suka cinye filin

Daga lokacin da aka buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, da na Muryar Jamus a 1963, da na Muryar Amurka a 1979, ga kuma gidajen rediyon gida da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta riga su duka tun 1939, an ɗora wa masu fassara nauyin sama wa yaƙe-yaƙen duniya sunaye cikin gaggawa, sau da yawa ana saura mintoci a shiga ɗakin watsa labarai. Sun yi aikin da ya cancanci yabo, kuma da yawa daga cikin kalmomin siyasar da muke taƙama da su a yau daga teburinsu suka fito. Sukar da za mu yi ba ta shafe wannan ba.

Mu fara da tawaye. Wannan kalma ba ta magana a kan dabarar yaƙi ko kaɗan, dangantaka take nunawa: akwai mai iko, akwai wanda ya fita daga ɗa'arsa. Saboda haka duk wanda ya ce 'yan tawaye ya riga ya amince da cewa ɗaya ɓangaren shi ne halattaccen shugaba. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, da wannan suna ɓangaren tarayya ya kira Biyafara, kalmar kuma ta yi daidai da matsayinsa, tunda da farko ma ya ƙi kiran abin yaƙi, ya ce aikin 'yan sanda ne na kamo masu laifi. Amma sojojin Biyafara ba 'yan sari-ka-noƙe ba ne a mafi yawan yaƙin. Suna da kaki da muƙamai da fagen daga. Ana iya yin tawaye da runduna sosai, ana kuma iya yin sari-ka-noƙe ba tare da tawaye ba, kamar mutanen Tito a Yugoslabiya daga 1941 zuwa 1945, waɗanda baƙin da suka mamaye ƙasarsu suka yaƙa. Marubucin da ya musanya kalmomin biyu ya haɗa amsar tambayoyi biyu daban-daban.

Ta'adda kuwa daga Larabci ta zo, daga tushen da ke nufin ƙetare iyaka, kuma 'yar'uwar ta'adi ce, wanda uwa kan ce ɗanta ya yi idan ya fasa tulu. Ita hukunci ce tsantsa. Ma'anar da ta dace da ita a yau ita ce kai wa farar hula hari da gangan don a cusa tsoro, a kasuwa ko masallaci ko makaranta ko tashar mota. Idan an tsaya a kan wannan ma'ana, kalma ce mai amfani ƙwarai, kuma babu wani dalilin jin nauyin faɗinta ga wanda ya aikata hakan. Ba ma cikin masu cewa wai ɗan ta'addan wani shi ne gwarzon wani, don haka a bar zancen. Wannan lalaci ne na tunani. Wanda ya tayar da bom a cikin masu cin kasuwa ya yi ta'addanci ko da dalilinsa ya fi madara fari, kuma ƙungiyoyin neman 'yanci da muke girmamawa ba su tsira daga wannan ba: an sa bom a wuraren shan shayi a Aljiyas a 1956, an kuma yi wa mata da yara kisan gilla a Lari ta ƙasar Kenya a 1953. Inda gizo ke saƙar shi ne, hukumomi sun fi kowa son kalmar, suna kuma shimfiɗa ta har ta rufe wanda bai taɓa farar hula ba. Ingila ta kira mayaƙan Malaya 'yan fashi daga 1948, daga baya ta sauya musu suna zuwa 'yan ta'addan kwaminis. Gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya haka ta kira waɗanda suka karɓi mulkin Zimbabuwe a 1980. Sunan Nelson Mandela bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido saboda ta'addanci ba sai a 2008, shekara 9 bayan ya sauka daga shugabancin Afirka ta Kudu. Mai fassarar da ya karɓi kalmar daga sanarwar gwamnati ya zuba ta a Hausa ba tare da ya ce wa ya faɗa ba, ya zama kakakin wannan gwamnati ba da saninsa ba.

Sai kuma 'yan bindiga, wadda ita ce ta fi ba mu takaici, domin kalma ce mai asali da aka mayar bola. A ƙarni na 19 'yan bindiga rukuni ne na mayaƙan sarki, kamar 'yan lifidi da 'yan baka da 'yan sulke, kuma duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ya ji amon bindigoginsu a gaban sarki. Sunan aiki ne na fada, mai ɗauke da alfahari. Yau kuwa kalmar ta zama kwandon da ake jefa duk wanda ba a tantance ba: ɓarawon shanu, da mai satar mutane don kuɗin fansa, da ɗan ƙungiyar aƙida, da wanda aka yi hayarsa ya kashe abokin hamayya, duk an yi musu kuɗin goro. Kalmar ba ta faɗi komai ba sai abin da ke hannun mutum, abin da kuma ke hannun ɗan sanda da soja da maharbi. A ranar farko ta labari, kafin a san ko su wane ne, ana iya yi mata uzuri. Amma a shekara goma ana kiran mutane 'yan bindiga, alhali an san sunayen shugabanninsu da dazukan da suke kwana, wannan ya zama rufa-rufa.

Yadda wannan sakaci ya kai har cikin doka abin dubawa ne. A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin da ke addabar arewa maso yamma a matsayin na ta'addanci, aka kuma bayyana hukuncin a jaridar gwamnati a watan Janairu na 2022. Sunayen da aka rubuta a cikin takardar, wadda da Ingilishi aka tsara ta, su ne ƙungiyar 'Yan Bindiga da ƙungiyar 'Yan Ta'adda, kamar dai wasu ƙungiyoyi ne guda biyu masu shugaba da sakatare da suka raɗa wa kansu waɗannan sunaye. Duk Bahaushe ya san ba haka abin yake ba. Sunaye ne na gama-gari da bakin jama'a da rediyo suka laƙaba, doka ta ɗauke su ta sa musu babban baƙi. Ba muna jayayya da manufar hukuncin ba ne; wanda ya kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 bai bar wa kowa wahalar neman sunan aikinsa ba. Abin da muke nunawa shi ne kalmar da aka furta da ka a ɗakin labarai tana iya wayar gari a gaban alƙali.

Shin waɗannan mutane 'yan sari-ka-noƙe ne? Ta fuskar dabara, babu shakka suna sara suna noƙewa, a sunƙuru kuma suke kwana. Amma a nan ne muke ganin kalmar na bukatar sharaɗi guda da amfani ya riga ya ɗora mata, ko da ginin kalmar bai faɗa ba: saran ana kai shi ne ga runduna ko hukumar da ta fi ƙarfi, kuma mai kai shi yana rayuwa ne da goyon bayan mutanen karkarar da yake ɓuya a cikinsu. Mutanen Cabral sun buɗe makarantu da wuraren shan magani da kantunan musayar kaya a yankunan da suka ƙwace daga Fotugal, domin sun san ranar da ƙauye ya juya musu baya sun ƙare. Wanda kuwa ƙauyen ne abincinsa, yana sa wa manomi haraji kafin ya bar shi ya girbe gonarsa, yana sayar masa da 'yarsa da ya sace, Hausa ba ta rasa sunansa ba tun kafin a ƙera bindiga. Ɗan fashi ne, in an so a ƙara da daji. Ba shi sunan sari-ka-noƙe ƙarin girma ne da bai yi aikinsa ba.

Ragowar kalmomin ba za mu daɗe a kansu ba. Tsageru, wadda aka laƙaba wa masu ɗauke da makamai a yankin Neja Dalta, kalmar tsawatar wa yaro mara kunya ce, tana ƙanƙanta abin da ya kai ga rage man da ƙasa ke fitarwa. Masu tayar da ƙayar baya tana da kyan hoto, amma ta yi tsawo, kuma tawaye ce a cikin wata riga. Wadda ta fi bukatar a yi hattara da ita ita ce sa-kai. Kalma ce mai farin jini, 'yar gidan gayya da taimakon juna, saboda haka duk wanda aka kira mayaƙin sa-kai an riga an wanke shi rabi. Ta dace da matasan Maiduguri da suka fito da sanduna a 2013, waɗanda bakin jama'a ya yi wa suna mafi gaskiya, wato ƙato-da-gora. Amma da ita aka riƙa fassara sunan mayaƙan Janjawid na Darfur daga 2003, da ita kuma ake kiran ƙungiyoyin da aka sha zargi da kashe mutane ba shari'a a kasuwannin Zamfara. Mutum na iya sa kansa ga alheri, yana kuma iya sa kansa ga ɓarna.

Abin da suna ke jawowa

Mai karatu na iya cewa duk wannan wasan malaman harshe ne. To, a dubi abin da dokar yaƙi ta ce. Yarjejeniyar Janeba ta uku, ta 1949, ta amince a ɗauki mayaƙin da ba soja ba a matsayin fursunan yaƙi idan ƙungiyarsa ta cika sharuɗɗa huɗu: tana da shugaba mai ɗaukar alhakin mutanensa, tana da alamar da ake ganewa daga nesa, tana ɗaukar makami a fili, tana kuma kiyaye dokokin yaƙi. Fursunan yaƙi ba a yi masa shari'a don kawai ya yi yaƙi. Ana tsare shi ne, in an gama a sallame shi. Duk mai hankali zai ga cewa sharaɗi na biyu da na uku sun ci karo da ainihin sari-ka-noƙe, domin wanda ya sa alamar da ake hangowa daga nesa ya daina noƙewa. Wannan ne ya sa ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka suka matsa har aka yi ƙarin yarjejeniya a 1977, wadda ta shigar da yaƙin neman 'yanci daga mulkin mallaka da mamaya da wariyar launin fata cikin yaƙe-yaƙen ƙasa da ƙasa, ta kuma sassauta sharaɗin, ya zama ya wadatar mutum ya bayyana makaminsa a lokacin artabu da lokacin da yake tunkarar wurin a idon abokin gaba. A rikicin cikin gida kuwa babu wannan matsayi na fursunan yaƙi, shi ya sa kowace gwamnati ke dagewa cewa abin da ke gabanta laifi ne, ba yaƙi ba.

Sakamakon ba a takarda ya tsaya ba. An kama Dedan Kimathi a 1956, aka yi masa shari'a a kan mallakar makami kamar kowane mai laifi, aka rataye shi a watan Fabrairu na 1957, yana ɗaya daga cikin mutum fiye da 1,000 da aka rataye a wannan rikici. Sunan Mau Mau ma ba shi ne wanda mayaƙan suka fi kiran kansu da shi ba. Su rundunar ƙasa da 'yanci suka ce. Haramcin da aka sa wa ƙungiyar bai tashi ba sai a 2003, shekara 40 bayan Kenya ta sami mulkin kai, a 2007 kuma aka kafa gunkin Kimathi a tsakiyar Nairobi. A Aljeriya Faransawa sun kira mayaƙan da wata kalmar Larabci mai nufin masu tare hanya, su kuwa suna kiran kansu mujahidai, kuma majalisar Faransa ba ta yarda a hukumance cewa abin da ya faru daga 1954 zuwa 1962 yaƙi ne ba sai a 1999.

Kada kuma a ɗauka wannan hali na Turawan mulkin mallaka ne kaɗai. Ƙungiyar Frelimo, wadda Fotugal ta kira 'yan ta'adda, da ta hau mulkin Mozambik a 1975 sai ta kira abokan gabarta na Renamo 'yan fashi masu makamai, ta ƙi ambaton su da wani suna, har ranar da tilas ta sa ta zauna da su aka sa hannu a kan sulhu a birnin Rum a 1992. A Nijar, da rikicin arewa ya sake tashi a 2007, gwamnatin Shugaba Mamadou Tandja ta ce ita ba ta san 'yan tawaye ba, 'yan fashi da masu fataucin miyagun ƙwayoyi ta sani, amma a 2009 da sulhu aka ajiye makaman. A shekarar nan ta 2009 kuma waɗanda muka yi ta kira tsageru suka karɓi afuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka yanka musu alawus na wata-wata. A duk waɗannan wurare sai da sunan ya sassauta kafin a iya zama a tabarma ɗaya, domin babu gwamnatin da za ta yarda a ce ta yi sulhu da ɓarawo.

A hannun mai ƙirƙira

Mai rubuta labari yana da wata dama da mai karanta labaran duniya ba shi da ita, ita ce yana da bakuna da yawa. Ba dole ne ya zaɓi kalma ɗaya ya tsaya a kanta ba. Abin da ake bukata shi ne ya san bakin da kowace ta dace da shi. Kwamandan soja a cikin wasan kwaikwayo zai ce 'yan ta'adda, kuma daidai ne a bakinsa. Mai magana da yawun gwamna zai ce ɓata-gari a ranar da ake shirin sulhu, ya ce 'yan ta'adda a ranar da sulhun ya rushe, mai karatu kuma zai gane siyasar ba tare da an yi masa bayani ba. Shi mai ɗauke da makamin ba zai taɓa kiran kansa da ɗaya daga cikinsu ba. Inda muke ganin rauni a rubuce-rubucen da muka ambata tun farko shi ne a muryar mai ba da labari, wadda kan ari kalmar kwamanda a wannan sakin layi, ta ari ta mai sanarwa a na gaba, har mai karatu ya rasa inda marubucin ya tsaya yana kallon abin.

Akwai kuma kalmar da ba mu cika gani a rubuce ba, alhali ita ce ta fi yawa a bakin waɗanda abin ya shafa. Mutanen karkarar Zimbabuwe a lokacin yaƙinsu ba su ce 'yan ta'adda ba, ba su ce mayaƙan 'yanci ba; da harshen Shona yaran nan kawai suke cewa, suna kai musu tuwo da dare. A ƙauyukan Zamfara da Katsina ma za ka ji an sassauta murya an ce yaran daji, ko mutanen nan, bayan an waiwaya an ga wanda ke kusa. Kalmar kusan ɗaya ce, amma a can akwai ƙauna a cikinta gauraye da tsoro, a nan kuwa tsoron ne kaɗai, na mutumin da ya san wanda ya tsegunta wa daji maganarsa yana iya kasancewa a kan tabarmar da yake zaune.